Masara Zalla

Wata Alhamis da hantsi, cikin daminar da ta gabaci shekarar samun 'yancin kai, muna tsaye a gonar gwaji ta gwamnati da ke bayan garin Sakkwato. Mu leburori ne, sai malamin gona da ke nuna mana aiki. Ni a lokacin saurayi ne mai ƙarfi, maraya, wanda ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Mamman, ya rena a Ƙofar Taramniya. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba.

Ran nan aka kawo wani sabon magani cikin gwangwani. Malamin ya yi bayani dalla-dalla. Ana sirka shi da ruwa mai yawa, a fesa bayan masara ta tsiro, kafin ta wuce gwiwa. Ba ya taɓa masara, amma duk tsiro mai faffaɗan ganye zai murɗe ya mutu. Kada a fesa in ana iska. Ya maimaita mana cewa aikinsa a gonar masara zalla ne.

Na gani da idona. Kafin mako ya zagayo, ciyayin da ke tsakanin kunyoyi sun karkace sun bushe, masara kuwa tana tsaye kore shar.

Hannuna ya riga ya saba da ɗauke-ɗauke. Da tafin taki na fara, sai irin shuka a aljihu, sai kananzir. Ba wanda ya tambaye ni, na ɗauka ba wanda ya gani. Ni ke wanke famfon feshi, saboda haka ni ke shiga ɗakin ajiya. Na riƙa tsiyayar maganin a kwalabe ina fita da shi cikin riga.

Matsalar ita ce masu saye. A wajenmu ba wanda ke shuka masara ita kaɗai. Ana sa wake tsakani, kabewa na yaɗo a ƙasa, kuɓewa da yakuwa a gefe. Na san in na faɗi sharaɗin ba mai saye. Sai na cire kalmar zalla. Na ce ga maganin da ya san masara, yana hutar da manomi noman firi da maimai.

Mutane suka ce sai sun gani a gonar wani. Na tuna Kawu. Yana da gona a fadama, bayansa kuma ya fara gazawa da fartanya. Na kai masa kwalba kyauta, don gonarsa ta zama tallata.

Ya juya kwalbar, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wanga abu shina da ido ne, ɗan nan, da zai gane masara?"

Na ce maganin ya fi ni gani. Ya yi dariya ya ce to ba wani abin yabo ba ne.

Bai tambaye ni batun wake ba, ni ma ban ɗauko ba. Waken nan wani fari ne mai jan baki, wanda ya gada daga mahaifinsa. Kowace shekara yana ware iri ya adana cikin toka. A waccan daminar shukar farko ta ƙone, sai ya zuba duk sauran irin a ƙasa. Na san da haka.

Ba shi da famfo. Ya sirka maganin a ƙwarya, da kauri don ya fi ci, ya yayyafa da tsintsiya wata yamma mai iska.

Da ya aiko a kira ni, na tarar da shi tsugune. Waken ya nannaɗe kamar an murza igiya, kabewa ta kwanta, kuɓewa ta sunkuya. Harkiya da sauran haki mai siririn ganye suna nan lafiya lau. Audugar maƙwabcinsa ma ta murɗe har tsakiyar gona.

Ya ɗago wani reshen wake ya miƙo mini.

"Ka san da hakan?"

Na ce ban sani ba. Ya daɗe yana kallona.

Maƙwabcin ya kai ƙara. A gaban alƙali aka tambayi Kawu inda ya sami maganin, ya ce a kasuwa, wurin mutumin da bai gane ba. Ina zaune a waje ina ji. Aka yanke ya biya ɓarna, ba shi da abin biya, ya ba da gonar fadamar. Ƙaryar da ya yi domina ba ta cece ni ba. Warin maganin ya kama rigata, aka ji a gonar gwaji, aka bincika ɗakina, aka sami kwalabe, aka ɗaure ni.

Ina gidan yari aka sauke tutar Turawa. Daga bayan katanga muka ji kiɗa. A nan kuma aka kawo mini labarin rasuwar Kawu. Ban samu na gaya masa cewa na sani ba.

Na fito, na tuba ga Allah, na koma dako a kasuwa har ƙarfina ya ƙare.

Ku samari, ban fasa ƙofar kowa ba, ban zare wa kowa wuƙa ba. Na fara da tafin taki, na ƙare da cire kalma ɗaya daga magana. In aka ba ku abu da sharaɗinsa, ku miƙa shi da sharaɗinsa, ko da mai saye zai juya ya tafi.

Na yi shekaru ina duba tasoshin masu awo a kasuwanni, ko zan ga farin waken nan mai jan baki. Ban sake ganinsa ba.