Ƙaryar da Na Yi Dominka, Costel

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, ina cikin wanke bayan motar shara a garejinmu na garin Dudley, aka zo aka ce min Costel Dragomir ya rasu a asibiti, ciwon huhu ya gama da shi. Shekararsa arba'in da shida. Na kashe famfo, na tsaya riƙe da tiyo kamar wanda aka ba ajiya.

Ni ba marubuci ba ne. Ina da shekara sha biyar na bar makaranta, kuma ko malami ɗaya bai roƙe ni in dawo ba. 'Yata Gemma ce ke gyara min wannan rubutun, ta ce kurakuraina sun fi kalmomina yawa. To, Costel, ka yi haƙuri da abin da ya samu. Kai dai ka saba karɓar abin da wasu suka yar.

Shekara biyu muka yi a bayan mota ɗaya. Ni ma'aikacin kamfani ne, kai kuwa ta hannun dillalan ma'aikata ka zo daga Romaniya. Kullum da sassafe farar mota ke sauke ku, ku shida. Direbanta Nelu, mai agogon zinariya, shi ke amsa duk tambayar da aka yi muku. Ina ce masa, "Kai Nelu, bakunan mutanen nan ma a aljihunka suke?" Ya yi dariya, ni ma na yi. Ku ba ku yi ba.

Ban taɓa aiki da mutum mai hannun kirki irinka ba. Lokacin da bayana ya riƙe, wata guda kana jan kwandunan ɓangarenka da nawa, kana ce min, "Tsoho, kai dai ka danna maɓalli." A layin da ke bayan coci akwai wata tsohuwa mai tafiya da sanda, kowa a bakin titi yake jefar mata da kwando, kai kaɗai ke mayar mata da shi har ƙofa. Wata rana ka tsinci keken yara da aka jefar, ka gyara shi a lokacin hutu da waya da tsohuwar filaya, ka ce in kai wa jikata. Har yau tana hawansa. Birkinsa ya fi na motata.

Mu masu kwasar shara muna da doka biyu. Ta kamfani ta ce duk wanda ya ɗauki abu daga shara, korarsa za a yi. Tamu ta ce wanda ya gani bai gani ba. Ubana ma da ita ya yi aiki, kuma rabin kujerun gidanmu daga nan suka fito. Saboda haka da na fara ganinka a bayan babban kanti kana cusa burodin da ya kwana biyu cikin riga, sai na kawar da kai. Daga baya ma na mayar da abin wasa. "Costel, yau me otal ɗinmu ya dafa?" Ka ce, "Na masu kuɗi ne, Des, ba ka isa ba." Ranar Juma'a, da kowa ke sayen burodi da ƙwai bi da bi, ba ka taɓa saye ba, na sa maka suna Marowaci. Riga ɗaya ka yi hunturu biyu da ita, na ce ka aure ta ne. Duk ka shanye.

Kamfani ya taɓa tara mu aka nuna mana alamomin mutumin da ake bautarwa: wanda ake kawowa a mota a mayar, wanda wani ke magana a madadinsa, mai yunwa, marar waya. Minti ashirin aka yi. Na yi barcin minti sha biyar, na farka na sa hannu. An liƙa takardar a bayan ƙofar banɗaki da lambar waya a ƙasa. Kullum ina zaune a gabanta.

Sai ranar da Hazel Pruett, shugabar sashenmu, ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Desmond, ban kira ka don barkwanci ba. Ka taɓa ganin Costel yana cin abinci daga shara?"

Na ɗauka korarka za ta yi. Na dafa ƙirji na ce, "Haba Hazel! Wannan da matarsa ke cika masa kwano har yana ba ni saura? Dubi tumbina."

Ta daɗe tana kallona. "Ka tabbata?"

"Kin taɓa jin na yi ƙarya ban da ranar aiki?"

Ta yi murmushi, ta rufe fayil ɗin. Na fito ina jin kaina jarumi. Har na ba ka labari, na ce na cece ka. Ka dube ni, ka buɗe baki, ka sake rufewa, ka ce, "Na gode, Des."

Ashe ba korarka take nema ba. Tana zargin dillalan ne, tana neman mutum ɗaya da ya gani da idonsa kafin ta kai magana sama. Matarka kuwa tana can ƙauyenku, shekara uku ba ta ji muryarka ba. Wata takwas aka ƙara kafin 'yan sanda su fasa gidan da Nelu ya ajiye ku: mutum sha ɗaya, ɗaki biyu, babu abin ɗumama ɗaki, bango duk danshi. Fasfo ɗinku da katunan bankinku suna cikin motarsa. A cikin wata takwas ɗin nan tarinka ya fara. Ni na ce maka ka rage taba. Ba ka shan taba.

Da na je duba ka a asibiti na kasa haɗa ido da kai. Ka ce, "Tsoho, yau babu wasa?" Na ce na zo neman gafara. Ka ce, "Kai kaɗai ke kiran sunana daidai a garejin nan." Ba ka ce ka yafe ba, ba ka ce ba ka yafe ba. Na gode da ba ka yi min ƙarya ba.

Wata mai zuwa za a fara shari'ar Nelu, kuma da kai ne za ka zama babban shaida. Yanzu lauyoyi suna neman wanda ya ga yunwarka. In na tsaya ba da shaida, dole in faɗi cewa na yi wa kamfani ƙarya a ofis, kuma saura min shekara biyu in fara cin fansho. Matata ta ce, "Desmond, kai da bakinka." Gemma kuwa ta ajiye min waya a kan tebur. Jiya na kira lauyoyin. Na ba su sunana, harafi bayan harafi, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Allah ya jiƙanka, Costel, ya ba ka hutun da ba ka samu a wurinmu ba, ya sa ka inda babu sanyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Ileana da 'ya'yanka biyu, da abokan zamanka goma da suka rage. Allah ya ba ku haƙuri. Ileana, mijinki bai taɓa zama marowaci ba. Ni na kira shi haka, kuma zan janye a gaban alƙali.

Desmond Hollick
Mai kwasar shara, Dudley