Baffa Baibai da Hatimin Ofishin Filaye

Shekara talatin da takwas yayan babana ya yi yana yanka hatimi a ƙarƙashin barandar tsohon gidan waya. Mu muna ce masa Baffa, mutanen layin kuwa Baibai suke kiransa, saboda duk rubutun da zai yi a kan roba a juye yake yinsa, sai an buga a takarda ya miƙe. Teburi ɗaya gare shi mai aljihu biyu, da kujerar ƙarfe, da gilashin ƙara girma rataye a wuyansa. Wuƙaƙen aikinsa da kansa yake fiƙe su daga karyayyen zarto.

Ya zauna a wurin tun lokacin da motar haya ɗaya ke zagaye garin kaf kafin injinta ya yi zafi. A gabansa aka rushe tashar jirgi aka yi kasuwa, aka cike tafkin bayan kotu aka dasa benaye. Idan ka tambaye shi tarihin birnin, ba zai kawo maka sunan manya ba. Sai ya ce, "Shekarar da asibiti ya sauya hatimi daga mai kusurwa huɗu zuwa mai da'ira, ita ce shekarar da kasuwar katako ta ƙone." Kuma in ka bincika, haka ne.

Baffa bai yarda da kowa ba. Duk wanda ya zo neman hatimin makaranta ko asibiti, sai ya kawo wasiƙa, Baffa ya ɗaga ta a rana, ya shinshina tawadar. Ya taɓa korar wani mutum saboda ya cika murmushi. Matarsa, da muke kira Inna, takan ce, "Ni da na haifa masa biyar, har yau in na miƙa masa shayi sai ya leƙa cikin kofin." Shi kuma ya ce ƙuda yake dubawa.

Wata safiya, ina zaune a gefensa ina jiran ya gama mini hatimin ɗan shagon maganin da na buɗe, sai ga wani mutum fes da shi, da jakar hannu da takalmi mai ƙyalli. Ya gaisa cikin ladabi, ya ce daga kwamitin adana tarihin gari yake. Za su baje kolin kayan zamanin da, suna son a yanka musu irin hatimin tsohon ofishin filaye, wanda aka rufe shekara talatin da suka wuce. Ya ajiye hoton wata tsohuwar takarda mai ɗauke da hatimin.

Baffa ya sa gilashi ya daɗe yana dubawa.

"A cikin akwatin gilashi za ku sa shi, jama'a su kalla?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"To bari in yanka muku shi a miƙe, yadda mai kallo zai karanta ba wahala."

Mutumin ya gyara tsayuwa. "A'a, yadda yake na asali muke so. Wanda in an buga zai fito daidai."

"Abin kallo ne ko abin bugawa?"

Mutumin ya yi 'yar dariya, ya ce Baba akwai barkwanci. Baffa bai taya shi ba. Ya tura masa takardarsa da bayan wuƙa, ya ce idonsa ya daina ganin ƙananan haruffa. Yana faɗin haka alhali hatimina na hannunsa, haruffansa kamar ƙwayar gero. Da mutumin ya tafi, Baffa ya bi shi da ido har ya ga ya shiga motar da aka ajiye can nesa, bayan kwana. "Mai gaskiya a ƙofarka yake ajiye mota," in ji shi.

Bayan wata uku aka wayi gari an garƙame tsohon gidan silima da shaguna goma sha ɗaya da ke jikinsa. Wani ya je kotu da takarda, wai filin na mahaifinsa ne tun kafin a gina silimar. Cikin waɗanda aka fitar akwai wani tsohon tela, abokin Baffa, wanda suka kalli fim ɗinsu na farko tare a ɗakin nan. Telan ya samo kwafin takardar daga wurin lauyansu ya kawo.

Baffa ya sa gilashinsa ya kalle ta. Ya ce hatimin ofishin na gaskiya ya san shi, domin sau biyu aka kawo masa ya sake masa mariƙi, kuma gefensa na hagu ya ɗan gutsire tun da daɗewa. Wannan kuwa lafiyarsa lau, sabon yanka ne. Amma ba wannan ne ya girgiza shi ba. Akwai yadda shi Baffa yake lanƙwasa wutsiyar harafin R, ya ɗan ɗaga ta sama, kuma ga ta nan a takardar. Mutum uku kawai ya koya wa sana'ar. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar garin ba a san inda yake ba. Na ukun babana ne, wanda ya bar yankan hatimi ya buɗe shagon buga katunan gayyata.

Da rana tsaka Baffa ya zo gidanmu, abin da bai saba ba. Bai zauna ba.

"Ƙanina, nuna mini hannunka."

Babana ya miƙa yana dariya, a zatonsa wasa ne. Baffa ya juya yatsun yana neman sabon yanka a babban yatsa, irin wanda wuƙar hatimi ke bari. Ya sami ɗaya.

"Wuƙar yanka takarda ce, Yaya. Kullum tana yanka na."

"Wani mai takalmi mai ƙyalli bai zo wurinka ba?"

"Masu takalmi nawa ke zuwa wurina a rana?" Sai a nan babana ya gane inda maganar ta dosa, fuskarsa ta sauya. "Yaya, ni kake zargi? A gaban 'yata?"

"Tambaya na yi."

"To ka ji amsa. Ban yi ba."

Baffa ya saki hannun ya fita, ko ruwan da mahaifiyata ta kawo bai taɓa ba.

Lauyan 'yan shagunan ya kira shi shaida. Ya tsaya gaban alƙali da gilashinsa a wuya, ya nuna gutsuren da babu, ya sa aka fito da tsofaffin takardu biyar daga ma'ajiyar kotun aka gwada, duka biyar da gutsuren. Da lauyan ɗaya ɓangaren ya ce, tunda ya ƙware haka, ya faɗi wanda ya yanka, Baffa ya juya wajen alƙali.

"Ranka ya daɗe, hatimi aka kawo ni in duba. Na duba."

An soke takardar, an mayar wa mutane shagunansu. Silimar dai ba ta tsira ba, don kafin a gama shari'a an riga an kwashe rufinta da kujerunta. Mai takalmin ba a sake ganinsa ba, wanda ya kai ƙarar kuma ya ce shi ma sayar masa da takardar aka yi.

Shekara biyu 'yan'uwan nan suna gaisawa kamar maƙwabtan da suka yi faɗan kan iyaka. Ni kaina na shiga uku a tsakaninsu. Na tuna a watannin da abin ya faru babana ya sake injin shagonsa, na kuma tuna ya daɗe yana cewa zai sake. Na taɓa buɗe aljihun teburinsa ba ya nan, na ga tsofaffin wuƙaƙensa a nannaɗe cikin tsumma. Wasu sun yi tsatsa, ɗaya ba ta yi ba. Na mayar na rufe, ban faɗa wa kowa ba.

Daga baya yanar ido ta kama Baffa da gaske, injin yin hatimi kuma ya cika gari, ya naɗe kayansa ya koma gida. Da likita ya ce sai an yi aiki, 'ya'yansa duk suna nesa, babana ne ya ɗauke shi a mota ya kai shi, ina biye da su. Aka kawo takardar amincewa. Babana ya karanta masa ita tun daga sama har ƙasa, ya sa masa biro a hannu, ya ɗora yatsansa inda zai sa hannu.

Baffa ya riƙe biron bai rubuta ba. Ya juya wajen ma'aikaciyar jinyar ya ce, "'Yata, don Allah ke ma karanta mini."

Ta karanta. Abin da babana ya karanta shi ta maimaita, ba ragi ba ƙari. Baffa ya sa hannu. Babana ya karɓi hularsa da agogonsa ya riƙe masa, ya zauna a benci a bakin ƙofa har aka fito da shi.