Hannun Mama Milka

Mama Milka tana sayar da gwate a bakin hanyar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan tun ina firamare. 'Yar Fadan Kagoma ce. Bayan rasuwar mijinta Boaz ta taho gari da ɗanta tilo, Gershon, ta kama ɗaki a gidanmu. Idan kakar citta ta zo takan koma ƙauye aikin yanka, ta dawo da tafin hannu duk a tsage. Da wannan hannun ta kai yaron har jami'a.

Shekarar da Gershon ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, ina zaune a gida bayan bautar ƙasa. A Kaduna aka yi masa fasfo, lokacin yana wajen Madam Edna, ƙanwar babansa da ke aikin gwamnati, tana zaune a Sabon Tasha. Ita da mijinta Mista Gilbert ne suka ce za su tsaya masa. Saura ganawar biza a Abuja. Mama Milka ta roƙe ni in riƙa yi masa irin tambayoyin ofishin jakadanci don bakinsa ya saba. Na ce mata ni ko a aji ba a jin muryata. Ta ce ai Baturen ma ba ihu zai yi ba.

A tsakar gida muka zauna, ita tana gefe tana tsinke yakuwa. Na tambaye shi sunansa da Turanci, ya ce Gershon Gilbert. Na tambayi iyayensa, ya kira Madam Edna da mijinta, bakinsa ko rawa bai yi ba. Da na ce wa zai bari a Kafanchan, sai ya ce ba kowa, sai wata mata da ta yi rainonsa yana ƙarami.

Bayan ya fita Mama Milka ta ce, "Malama Jacinta, na ji sunan Edna. Nawa fa, a ina ya fito?"

Na gaya mata gaskiya, idona a ƙasa. Ta ci gaba da tsinke yakuwarta. Can ta ce takarda ce, ta Turawa ce, sun fi son ɗan mai albashi. Amma a majami'armu duk wanda zai yi tafiya mai nisa, iyayensa ne suke fitowa gaban jama'a su ɗora masa hannu a ka. Wannan kam, in ji ta, ba a yin sa da biro.

Biza ta fito. Ranar Lahadin sallama ta sa zanen zumuntar mata, ta shafa man kaɗanya a hannu har yana ƙyalli. Su Madam Edna sun iso da abokansu, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Fasto ya miƙa wa Gershon makirufo, ya ce ya kira iyayensa.

Mama Milka ta riga ta miƙe, har ta fito daga layin benci. Gershon ya dubi wayoyin nan, ya ce Dadi da Momi Gilbert su taso.

Tana nan tsaye, hannu a buɗe, har wata tsohuwa ta tada waƙa, matan zumunta suka karɓa da ƙarfi, ta kusa da ita ta ja mata zane ta zauna.

Da yamma Gershon ya same ta tana wanke tukwanen abincin baƙi. Ya durƙusa, ya ce an gargaɗe shi kada maganarsa ta bambanta da ta takardun biza ko'ina, don bidiyo yana yawo. Ya roƙe ta ta sa masa hannu a nan, tunda babu kowa.

"An riga an sa maka," ta ce, hannunta na cikin ruwan sabulu. "Allah ya kai ka lafiya, ɗan Gilbert."

Har yanzu tana bakin tasha, gwatenta yana ƙarewa kafin rana ta take. Gershon yakan kira ta wayata. In na kai mata, sai ta nuna mini hannunta ta ce a jiƙe yake, in gaishe shi.