Baba Badung da Kabarin da Ya Tsare Shekara Goma Sha Huɗu

Duk mai bin hanyar bayan Anguwan Rukuba da sassafe ya san shi. Tsohuwar rigar sanyi, diga a kafaɗa, shebur a hannu. Kafin ya taɓa komai sai ya zaga makabarta kaf, ya duba inda ruwan sama ya zaftare, ya kori awakin da suka shigo. Shekara talatin da takwas Baba Badung yana haƙa mana kabari. Watan jiya gwiwa ta ce ya isa, ya ajiye diga. Ba a yi masa taro ba, ko hula ba a ba shi ba. Shi ya sa na ajiye walda na ɗauki biro.

A ramin kuza ya koyi haƙa tun yana saurayi. In ya buga diga sau ɗaya, daga ƙararta ya san ko dutse ne a ƙasa. A kan wannan ba mai musu da shi.

Makabartarmu kashi biyu ce, shingen ƙerana ya raba ta: gabas 'yan Katolika, yamma mu 'yan Furotesta. Kakanni suka dasa, su suka san dalili. Coci biyu, addu'a biyu, amma mai haƙa ɗaya. A da can, in Nuwamba ta kama, 'yan gabas na zuwa da kyandir su yi wa matattunsu addu'a, namu na hararar su ta saman shinge. Baba sai ya share gabas, ya share yamma.

Mama Ana 'yar fasto ce, ta auri Ifesinachi mai shagon fenti, ɗan Katolika na gidi. Shekara talatin suna tare, ranar Lahadi shi ya yi dama, ita ta yi hagu, su haɗu a kan tuwon rana. Da ya rasu, ta sami Baba a bakin aiki ta ce, "Baba, ni a cocin ubana zan mutu, amma kada a kai ni nesa da mutumin nan." Ya ce, "Na ji, 'yata." Ya haƙa wa mijin kabari a gabas, a jikin shinge, har ƙaya na yagar masa riga.

Bayan shekara goma sha huɗu ita ma ta bi shi. Nan aka ja daga. 'Yarsu Adaeze ta ce uwarta kusa da ubanta za ta kwanta. Katekis Nnaemeka, malamin cocin Katolika, ya ce ƙasar gabas Fada, limaminsu, ya albarkace ta, ta 'yan Katolika ce kaɗai. Yayan marigayiya, Dattijo Natana'el, ya ce ko an ba su ma ba sa so, ƙanwarsa ba za ta kwana inda ake kunna wa matattu kyandir ba.

Kwana tara gawa na mutuware. Aka zauna a ƙofar makabarta, wai sulhu.

Natana'el ya ce, "Mu muka karanta wa mutanen nan Littafi Mai Tsarki da Hausa, lokacin kuna Latin da ba mai ji!"

Katekis ya ce, "Dattijo, ku kuka fice daga gida shekara ɗari biyar, yau kuma mu ne baƙi?"

Adaeze na kuka tana cewa, "Kawu, uwata fa ake magana." Ba wanda ya saurare ta.

Baba ya miƙe ya karkaɗe wando. "Ku ci gaba da tarihi. Ni na gama nawa tun safe. Ku zo ku gani."

Aka bi shi. Ga sabon kabari a yamma, ƙasar Furotesta ba tantama, manne da shinge. Tsakaninsa da na Ifesinachi bai kai kamu uku ba.

Natana'el ya buɗe baki. "Badung! Ba kai ka ce mana dutse ne a nan ba? Sau nawa muka nemi wurin nan?"

"Sau shida, Dattijo. Dutsen ya ji surutunku ya yi yawa, ya tashi."

Katekis ya juya baya yana danne dariya. Baba ya nuna cikin ramin da shebur ya ce wa Adaeze, "Duba, 'yata. Saiwar ƙerana ba ta zurfi. Can inda suke kwance babu shinge."

Washegari aka binne Mama Ana. Fasto ya yi nasa, Zumuntar Mata suka rera waƙa, 'yan uwan miji na tsaye a gabas da carbinsu. Ba wanda ya tsallaka, ba wanda aka kora.

Kai ne, Baba, ka riƙe alkawarin gwauruwa shekara goma sha huɗu, ba takarda, ba shaida. An ce ƙarya ka yi mana. Ƙarya ce mana, ni ma na sani. Amma ka bar wannan tsakaninka da Mai Sama, ina jin ba za ku daɗe a kanta ba. Kai ne ka sare reshe biyu a shingen nan. Yanzu in Adaeze ta kunna wa ubanta kyandir, hasken har kan uwarta yake faɗawa, Dattijo Natana'el na tsaye a yamma, ya yi kamar bai gani ba.

Mun gode, na Rukuba, mai diga ɗaya ga gida biyu. Allah ya sassauta maka gwiwa.

Ku kuma 'yan kwamitin makabarta, na ji za ku cire ƙerana ku ja katangar bulo. Ban hana ku ba, ƙofar ma ni zan haɗa. Amma in kun iso kan Ana da Ifesinachi, ku yi abin da Baba ya yi: ku bar giɓin nan.