Tolegen, Direban da ke Tarbar Masu Saukowa daga Sama

Kafin ya ajiye aiki, kullum da hantsi za ka same shi a garejin 'yan ceto da ke bayan garin Jezkazgan, kwance ƙarƙashin motarsa mai ƙafa shida, yana ɗaure wannan yana gwada wancan. Sai ya gama yake zama ya sha shayi mai madara da baursak, wato soyayyen burodi, na matarsa. Shekara talatin da ɗaya Tolegen Sarsenbai ya yi a haka. Aikinsa shi ne, idan kumbo ya dawo daga sararin samaniya ya sauka da laimarsa a fili, ya kai likitoci wurin 'yan sama jannati.

Abokan aikinsa har yau suna ba da labarin wani hunturu da kumbo ya kauce, ya faɗa can gefen wani tafki. Guguwar dusar ƙanƙara ta hana jirage masu saukar ungulu tashi. Mutum uku ne a ciki, sanyi kuma ya fara shigarsu. Shugaban tawaga ya ce a jira iska ta lafa.

"Mu da ke gaban murhu za mu iya jira," in ji Tolegen. "Su fa?"

Likita Raushan, wadda a lokacin sabuwa ce a aikin, ta kira shi yadda ake kiran babba a can, ta ce, "Tolegen-aga, mutum ko tafin hannunsa ba ya gani a waje. Ta ina za ka bi?"

"Ɗiyata, a filin nan na yi kiwon tumakin babana. Ke dai ɗauko jakarki."

Awa huɗu suna tafe. Raushan ta shaida cewa a wani wuri na'urar nuna hanya ta nuna su miƙe, shi kuwa ya taka birki, ya sauka, ya buga ƙafa a ƙasa. Ya dawo ya ce ruwa ne a ƙarƙashi, ƙanƙarar ba za ta ɗauke su ba. Ya yi zagaye mai nisa, ana ta yi masa faɗa ta rediyo. Da suka isa aka buɗe ƙofar kumbon, kwamandar tafiyar, Kuralai Esimova, haƙoranta na kaɗawa ta ce, "Kun makara."

"Ke kika canza adireshi ba ki faɗa wa kowa ba," ya ce, yana lulluɓa mata rigarsa ta fatar tunkiya. Duka ukun sun koma gida da ƙafafunsu.

Kai ne ka san filin nan kamar tsakar gidanku, Tolegen. Kai ne fuskar farko da matafiyan sama ke gani a ƙasa, ba ka taɓa barin kowa cikin sanyi ba.

Makon jiya aka yi liyafar gidauniya a Karaganda, domin gina wa yaran makiyaya ɗakin kallon taurari. Tolegen, wanda ya ajiye aiki a watan, yana teburin ƙarshe kusa da ƙofar kicin, ya mai da hankali ga naman dokin da ke gabansa. Aka kira Kuralai ta karɓi alkyabbar girmamawa saboda jagorancinta. Ta karɓa, amma ba ta yafa ba.

"Ranar nan ina rataye da bel, kaina a ƙasa, ban jagoranci kowa ba," ta ce. "Wanda ya jagoranta ga shi can yana tauna."

Ta sauko, ta ratsa teburan manya, ta yafa masa alkyabbar. Zauren duka ya miƙe tsaye, tafi ya ƙi ƙarewa. Nan take masu gidauniyar suka sanar cewa sunansa za a sa wa ɗakin.

Da aka miƙa masa abin magana, sai ya share baki ya ce, "Ni ko jirgi tsoron hawa nake. Amma in kun gina shi, ku bar ni in riƙa ɗauko yaran daga ƙauyuka. Na san hanya."

Mun gode, Tolegen-aga. Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma direbobin da kuka gaji kujerarsa, ku riƙe aikin yadda ya riƙe: in an ce akwai mutum a waje, ku tayar da mota.