Garwashin Inna da Numfashin Ɗana

Ba zan taɓa manta ranar da ɗana na fari ya daina kuka ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna zaune a Gaya kusa da tashar manyan motoci. Da hantsi na saci kallonsa, don ɗan fari ba a kallonsa gaban mutane, sai na ga leɓensa ya yi launin toka, ƙirjinsa na lotsawa duk jan numfashi. Kunya ta ɗaure mini baki. Na miƙa wa Inna, surukata, shi kawai. Inna ta duba, ta jawo mayafinta.

A gidan likita, ungozoma, wata doguwar mata da kowa ke kira Madam, ta mirgino wata kwalbar ƙarfe mai tsawon mutum. Ta ce iskar oksijan ce a ciki. Ta haɗa tiyo ya bi ta kwalbar ruwa, ta sa mazurari a bakin tiyon, ta damƙa mini.

"Riƙe kusa da hancinsa. Idonki a kan leɓensa."

Ruwan ya fara ɓulɓula. Ina kallo, tokar nan ta rinƙa janyewa, ja yana dawowa kaɗan-kaɗan. Iskar da ba a gani, an ɗure ta a ƙarfe, tana mayar da rai.

An kira Madam wajen wata mai naƙuda. Tana fita, sai ga Inna da kaskon garwashi, za ta turara jikanta kamar yadda aka saba. Nan take na tuna kwaleji, ranar da malami ya sa tsinke mai ɗan jan wuta cikin wannan iskar, ya kama bal.

"Inna, fita da wutar nan!"

Ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba, balle murya. Ta tsaya cak.

"Ni kike yi wa tsawa? Kuma a kan ɗan fari? Lallai boko ya gama da ke."

Madam ta shigo a guje, ta karɓe kaskon ta kai waje. Ta ce, "Inna, da kin matso da shi, da zanin yaron ya kama, mu ma duka."

Inna ta daɗe tana kallon ruwan nan mai ɓulɓula. Can ta ce, "Kawo mazurarin, marar kunya. Hannunki ya gaji."

Madam ta rinƙa rage iskar sannu-sannu, ta ce yawanta ma yana ɓata idon jariri. Washegari da la'asar ta rufe ta gaba ɗaya. Leɓen bai sauya ba. Sai ya tsala kuka.

"Kun tsira," in ji Madam. "Ba shi nono."

Na ba shi a gaban Inna, ina kallon fuskarsa, ba ta hana ni ba. Ranar na gane cewa kunya tana da kyau, amma in ran ɗanka na hannunka, sai ka buɗe baki.