Ragar Tagullar Zailani

Zailani mai gyaran bambar mota ne a Sandamu, irin masu liƙe ta da fiba in ta fashe. Da wannan fibar ya ƙera jirgin sama mai kujera ɗaya a kangon bayan gidansa, shekara shida yana abu ɗaya. Jirgin bai taɓa tashi ba, ko inji babu. Mu mutanen unguwa, Allah ya yafe mana, tun muna leƙawa mu yi dariya har muka gaji muka daina. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Tuwonsa ma a kan fiffiken jirgin yake ci.

Abin da ya tsaya masa a rai aradu ce. Ya ce jirgin ƙarfe in ta faɗa masa, bin jikinsa take ta wuce, na fiba kuwa fasa shi take ta ƙone. Sai ya dinga bin masu gyaran fanka yana tsintar ƙonanniyar wayar tagulla, ya saƙa raga da hannunsa, ya lulluɓe jirgin tun daga hanci har wutsiya. Duk wanda ya tare da wannan bayani sai ya tuna yana da uzuri. Har da ni.

Bara da damina, bayan la'asar, aradu ta faɗa kangon. Ruwa na tsagaitawa ya fito jiƙe sharkaf, yana bi ƙofa ƙofa.

"Ku zo ku gani, raga ta yi aiki. Ɗan huji ne kawai a fiffike ɗaya, bai kai kan yatsa ba."

Ba wanda ya motsa. A nan, abin da aradu ta taɓa ba a kusantarsa sai an zuba masa madarar shanu. Muna daga nesa muna masa jaje, shi kuwa barka yake nema.

Tsohuwa Nagoggo mai tallan nono ce ta shiga da madara a ƙwarya. Na ɗauka zai kore ta, don ya sha cewa camfi ne. Sai ya riƙo hannunta har wurin hujin. Ta zuba, ta shafa ragar.

"Ɗan nan, kai ka saƙa wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Ka iya saƙa."

Ta juya za ta tafi, ya ce, "Inna, in da saura, zo ki zuba wa ɗaya fiffiken ma."

Kunya ta kama ni daga inda nake tsaye. Aradu ba ta taɓa wancan fiffiken ba.